Maus a Hannun Hagu

Malam Muttaka ya yi shekara ashirin da shida yana buga takardu a wani ofishi a Gummi. Da ya yi ritaya, matarsa Hure kuma ta rasu, sai ya nemo wa kansa abin yi: kwafe wasiƙun mahaifinsa, wanda malami ne a Bukkuyum, daga ajami zuwa boko a tsohuwar kwamfutar tebur ɗinsa. Bai yi nisa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama. Ya tashi, amma yatsun suka ƙi.

'Yarsa Khairiyya a Kaduna take aiki. Da ta zo dubiya ta sa masa wata manhaja wadda za ta riƙa shiga kwamfutar da ita daga can. Bayan ta koma da kwana biyu ta kira shi da hantsi.

"Baba, karanto mini lambar da ka gani."

Ya karanto. Sai ga 'yar kibiyar nan tana yawo ita kaɗai a fuskar kwamfuta.

"Ikon Allah! Ke ce haka?"

"Ni ce. Mai da maus ɗin hannun hagu."

Ta juya masa maɓallan maus ɗin, wato linzamin kwamfutar, na dama ya koma yin aikin na hagu. Ƙaramin maɓallin da ke gefe ta ɗora masa aikin adana rubutu, don kada ya riƙa wahalar haɗa yatsu biyu. Suka yi kusan awa guda, tana gyara suna hira.

Gidan babu kowa sai shi da kaji. Maƙwabciya ce take aiko da tuwo. Khairiyya ba ta faye kira ba, amma in ya ce kwamfuta ta rikice, ko tana tsakiyar aiki sai ta shigo. Da haka ya fara rikita ta da gangan. Yau ya ɓoye manhajar rubutu, gobe ya birkita maɓallan. Kunya takan kama shi, amma bai daina ba.

Ran nan a waya ta ce, "Baba, saitin nan ba ya canzawa da kansa."

"To mi na sani, ɗiyata? Tsufa ne."

Ta gyara.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro. A makon ne kuma kwamfutar ta rikice da gaske, maus ya koma saitin hannun dama. Malam Muttaka ya zauna yana kallonta, babu wanda zai kira. Kwana uku yana lalube, yana tuno inda ya ga kibiyar tana bi. Rana ta huɗu bayan azahar ya dace. Ya waiwaya zai faɗa wa wani, sai ya ga ƙofa kawai.

Ya ci gaba da aiki da yatsa ɗaya, har ya kwafe wasiƙa talatin da ɗaya.

Ranar da sabis ya dawo, Khairiyya ta kira tana kuka. Da ta natsu ta ce, "Kwamfutar fa? Me ya lalace?"

Ya dubi kwamfutar, sannan ya ce:

"Ba abin da ya lalace. Shigo dai ki ga abin da kakanki ya rubuta."

Ta shigo. Ta karanto masa shafi biyu a hankali, tana tambayar sunayen garuruwa. Can ya ji wata murya tana kiranta.

"Baba, ana nemana. Zan kira ka, in sha Allah."

"Allah ya yi albarka."

Ya zauna har aka kira la'asar, sannan ya ɗauki sandarsa ya fita masallaci.