Sakan Goma Sha Biyu

Dogo ake ce masa a wurin aiki, sunan kuwa bai yi ƙarya ba, don takunsa ɗaya biyu ne na wani. Aikinsa saita danjar kan titi. Wata Litinin oga ya ce masu motoci sun ishe shi da ƙorafin cunkoso a gaban asibiti, a rage lokacin masu tsallakawa a ƙafa da masu keke.

Al'adar aikin ita ce mai saiti ya tsallaka da kansa ya gwada kafin ya rufe akwatin danja. Dogo ya mai da sakan ashirin da biyar zuwa goma sha biyu. Fitila na yin kore ya zuba ƙafa, ya ratsa layi huɗu har da ragowar sakan uku. Ya kulle akwati yana jin kansa gwani, sai ka ce kowa a garin irin ƙafarsa gare shi.

Bayan mako biyu ya leƙa gida, ya tarar da mahaifiyarsa a bakin gado, gwiwa ta kumbura suntum. Katinta na gashin ƙashi yana kan tebur, ranaku uku babu sa hannun likita.

"Inna, me ya hana ki zuwa asibiti?"

"Titin gaban asibitin ne, ɗan nan. Da a tsanake nake tsallakawa. Yanzu ina tsakiya fitila ke komawa ja. Ran Laraba wata babbar mota ta ci burki dab da ni, sandata ta faɗi, direba yana ta zagina. Wani mai keke ne ya janye ni. Na haƙura. Gara ciwon gwiwa da a kwashe ni a kwalta."

Kunya da tsoro suka rufe Dogo. Ta dafa sanda ta miƙe za ta kawo masa ruwa, ya kasa hana ta, ya kuma kasa hana kansa ƙirgawa. Daga gado zuwa bakin ƙofa kawai, sakan tara.

Ta dawo ta miƙa masa kofi tana haki.

"Kai da kake cikinsu, ka tambayo min wanda ya taɓa fitilar nan. Ba faɗa zan yi masa ba. So nake in ji ko yana da tsohuwa a gida."