Inuwar da Ba Ta Shiga Ciniki Ba

A shagonta na baje zane-zane a Chicago, Madam Lindqvist ta gindaya wa wani mai zane, Lajos Fekete, sharaɗi. Za ta ba aikinsa bangon da ya fi kowanne kyau, amma ita za ta zaɓi mai saye, kuma in an saya ba zai ƙara yin irinsa ba.

"Masu hali ba sa son abin da maƙwabci zai iya samu," in ji ta. "Ka gane, tsoho?"

"Tsoho dai mijinki," in ji Lajos. Suka yi dariya, suka tafa.

Aikin nasa roba ce garai-garai kamar gilashi, ragowar murfin jiragen yaƙi da ya tsinto wajen 'yan gwangwan bayan an gama yaƙi. A tandar girkin matarsa yake gasa ta har ta yi laushi, ya lanƙwasa, ya huda, ya kankare. Yatsunsa duk tabon ƙuna ne. Robar kanta ba abin kallo ba ce. Sai an rataye ta nesa kaɗan da farin bango, an haska mata fitila ta gefe, sannan zobban haske su bazu a bangon suna ratsa juna, iska na kaɗa su. Wannan inuwar ita ce aikin. Lajos ya ɗauka ko makaho ya san haka, shi ya sa bai tsaya faɗa wa kowa ba.

Mista Hollis, mai kamfanin naman gwangwani, ya saya. Da ya gayyaci Lajos ya zo ya ga inda aka sa ta, Lajos har da ɗaura sabon lakataye.

Yana shiga falon ya hango ta. An buga robar da ƙusa, manne da bangon baƙin katako, tsakanin kan barewa da hoton uban maigida. Ba fitila, ba inuwa. Sai ka ce gilashin mota da aka tsinto a juji.

"Ranka ya daɗe, fitilar fa?"

"Matata ba ta son waya na reto," in ji Hollis. "Ai haka ta fi tsabta."

"Bari in kawo farin allo in sa a bayanta. Kyauta."

"In rufe katakon nan? Daga Ingila fa aka kawo shi. Sha lemonka, malam mai zane, baƙi suna yabawa."

Washegari Lajos ya koma wajen Madam Lindqvist, idanunsa jajur.

"Ba aikina ne a gidan can ba, gawarsa ce. Ki bar ni in yi wani."

"Da hannunka ka tafa."

"Roba na sayar, ban sayar da haske ba."

"Lajos, ni abin da ake iya naɗewa a sa a mota nake sayarwa. Ka ƙara yin wani, ba shagon da zai sake buɗe maka ƙofa a garin nan."

Ya san ba barazanar banza ba ce. Ya tsaya yana juya hularsa, sannan ya fita.

Madam Lindqvist ta ci riba, ta kuma samu sabon mai saye. Hollis ya samu abin nuna wa baƙi. Lajos kuwa sunansa ya fito a jarida, a ƙarƙashin hoton wata roba da ko shi ba ya son kallo, aikinsa na gaske kuma ba wanda zai ƙara ganinsa.