Murɗin Hagu

Tun kafin Injiniya ya gama ɗaga murfin but ɗin motar warin ƙuna ya daki hancinsa. Amfilifayar da ya ɗaura shekaranjiya ta yi baƙi ƙirin, robar gefenta ta narke.

"To, ka gani da idonka," in ji Alhaji, mai motocin talla. "Mota shida na ce zan kawo maka, ta farkon ma kwana biyu ta yi."

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar."

Shekara sha takwas Injiniya yana haɗa sauti a mota a wannan rumfa, kuma bai taɓa rufe akwatin sifika bai sa mita ya auna ba. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai ko ruwa aka ba shi sai ya auna kafin ya sha. Abokin sana'arsa Bahago, wanda kuma shi ne mijin ƙanwarsa, shi da kunne yake aiki. In gilashin mota ya yi rawa, to aiki ya yi.

Ya kwance akwatin. Manyan sifiku biyu ne a ciki, kowace om biyu a ma'aunin mita. Shi a jere ya haɗa su, wannan na bin wannan, suka tashi om huɗu, daidai ƙarfin amfilifayar. Ya ɗora mita. Ta nuna om ɗaya. Ya goge bakin wayar, ya sake ɗorawa, ba ta canja ba.

An sake wayarin. Wani ya haɗe jar waya da ja, baƙa da baƙa, don sautin ya ƙara tsawa. Tsawar kuwa za a samu, amma amfilifayar za ta yi ta zuƙar wutar da ta fi ƙarfinta har ta dafe.

"Alhaji, ba haka na bar ta ba. Wa ya taɓa motar nan?"

"Au, ni za ka juya wa laifin? Direbana ya rantse daga rumfarku ba ta je ko'ina ba."

Bahago ya taso daga benci yana share hannu da tsumma. "Yaya, ka yi haƙuri, kuskure ai kowa na yi. Ranar ka gaji sosai, ni ma na lura."

Injiniya ya ɗago ya dube shi, sannan ya mai da kai cikin akwatin. Ya warware salatif ɗin da aka naɗe mahaɗar da shi. Ba dalma, murɗawa kawai aka yi. Kuma murɗin hagu ya tafi. Duk layin nan mutum ɗaya ne yake murɗa waya haka, kuma shekara sha takwas suna cin abinci a kwano ɗaya da shi.

Sai ya tuna jiya da rana, da ya tafi sayen fiyus, ya dawo ya tarar da direban Alhaji yana fita da motar, Bahago na ɗaga masa hannu. Wai iska direban ya tsaya sa wa taya.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da Bahago ya yi shiru ma, da da sauƙi. Wannan "ka gaji" ɗin ce ta fi ƙona masa rai. Ya buɗe baki, sai ƙanwarsa ta faɗo masa a rai, ita da 'ya'yanta huɗu, da yadda magana take zaga layin nan kafin shayi ya huce. Ya rufe bakin.

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Bahago, sauran biyar ɗin kai za ka yi. Direbana ya ce hannunka ya fi faɗa."

"Allah ya ba mu iko, ranka ya daɗe," in ji Bahago, idonsa a ƙasa.

Da Alhaji ya tafi ya bar motar a nan, Injiniya ya ɗauki filaya ya datse mahaɗar, guntu kamar tsawon yatsa. Ya ciro mitarsa, ya naɗe igiyoyinta a hankali yadda ya saba. Ya kama hannun Bahago na hagu, ya buɗe tafin, ya sa masa guntun wayar.

"Ka manta kayanka a motar mutane."

Bahago ya kalli murɗin.

Injiniya ya ajiye mitar a kan benci kusa da shi. "Wannan kuma don yaran gidanka ne. Mota biyar ce, ka riƙa aunawa."

Ya tattara filayarsa da sukundirebobinsa a jaka, ya cire makullin rumfar daga cikin makullansa, ya rataye shi a ƙusa.