Gwajin Tsirkiya

Ba kiɗa ba ne fa. Na faɗa har bakina ya gaji, ba wanda ya taɓa yarda. Abin da gari ya san ni da shi, abin da ya sa har matata takan yi suɓutar baki ta kira ni Mai Sabulu, ba kiɗa ba ne. Gwajin tsirkiya ne kawai.

Kowane mai goge yana da nasa. Kafin ka fara sai ka goga wa izga ƙaro, ka gyara zaman jaki, wato ɗan itacen nan da ke tallafe tsirkiya a kan fata, sannan ka ɗan ja sama da ƙasa ka ji ko murya ta zauna. Nawa bai wuce numfashi biyu ba. Shekara ashirin da biyu ke nan da na shiga gidan rediyo don a ɗauki dogon kiɗan mahaifinmu. Ina cikin gwajin, ashe mai na'ura ya riga ya danna. Wani mai kamfanin sabulu da ke zaune yana jiran a yi masa talla ya ji, ya miƙe zumbur ya ce wannan yake so. Dogon kiɗan kuwa aka ce in dawo wani mako, makon da har yau bai zo ba.

Sabulun ma tuni aka daina yinsa, amma kiɗansa ya ƙi mutuwa. Yana cikin wayoyin mutane, yana cikin motocin haya, mawaƙan zamani sun yanke shi sun ɗora masa gangar kwamfuta suna tsalle a kai. In aka gayyace ni taro, ina fara gwada tsirkiya fili zai kaure da ihu, a yi ta cewa in sake. In sake sau goma. Da na gyara zama zan shiga kiɗa na gaskiya, sai mai gabatarwa ya zare makirfo yana cewa a tafa wa Mai Sabulu. Ba zan yi butulci ba, da shi na rufa wa kaina asiri, da shi yarana suka yi karatu. Amma ya zame mini ƙarfen ƙafa, kuma wallahi na tsane shi.

Watan jiya likita ya murza ƙaramin yatsana na hagu, ya ce in ina da wani aiki da nake son yi da hannun nan, in yi shi bana. Aiki ɗaya gare ni. Dogon kiɗan Baba gaɓa uku ne, kuma a tsakiyarsa akwai wata kwana inda ƙaramin yatsa ke sauka can ƙasa, goge ya yi kamar mutum na magana cikin kuka. Baba bai koya wa kowa ba sai ni. In yatsan nan ya sanƙare ban ajiye shi ba, shi ke nan, ya tafi.

Shi ya sa ranar Talata da hantsi na hau benen da ke saman shagon masu gyaran waya, inda wani ɗan abokina, da kowa ke kira Injiniya, yake da studiyo. Ya shigar da ni wani ɗan ɗaki da bai fi banɗaki ba, an liƙe bangonsa da soso, ba taga sai gilashi ɗaya da nake hango shi ta ciki. Ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ya jawo ƙofa mai kauri ya rufe.

"Kawu, kana ji na?" Muryarsa ta fito ta abin da ya ɗaura mini a kunne. "In jar fitila ta kama, ka fara."

"Ka ji ni da kyau, Injiniya. Gwajin da zan yi yanzu, in ka ɗauke shi, ban yafe ba."

"Haba Kawu, ai wannan ko a waya ina da shi kala bakwai."

Fitila ta kama, na shiga. Gaɓar farko ta zo lafiya lau, har na ji ƙamshin ɗakin Baba, na tuna yadda yake karkatar da kai yana lumshe ido ɗaya. Na doshi kwanar nan, na shirya yatsa. Sai kawai na ji kiɗan sabulu na fita daga gogena.

Na tsaya. Injiniya ya ƙyalƙyale da dariya a bayan gilashi, ya ɗauka wasa nake yi.

"A sake," na ce.

Muka sake. Daidai wurin nan yatsuna suka kuma zamewa, kamar jakin da ya saba da hanyar gida. A na uku na rage gudu, na bi shi a hankali ina ƙirga kowane ja, duk da haka can muka ɓulle. A na biyar Injiniya ya daina dariya. Gumi ya jiƙa mini riga, iskar ɗakin ta yi nauyi, soson bango kamar yana matsowa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba yatsan ne ya gaza ba. Na nemi kwanar a cikin kaina, na tarar babu. Shekara ashirin da biyu ina cewa an hana ni kaɗa ta, ban lura ba ni ma ban ƙara zama ni kaɗai na kaɗa ta ba.

"Kawu, ko in buɗe maka ƙofa ka sha iska?"

"Bar ta a rufe. Waya zan yi."

Ban da ni, mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ji kiɗan nan daga hannun Baba, ita ce yayata. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Tana yarinya ita ke riƙe wa Baba ƙaro in yana kiɗa. Na kira ta, na buɗe murya, na ajiye wayar a kan gwiwata.

"Auta, lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya lau, Yaya. Dogon kiɗan Baba nake so ki rera mini, tun daga farko."

"Kai da kake mai gogen? To, tsufa ya zo maka ke nan." Ta yi dariya, ta yi gyaran murya, ta fara.

Muryarta na rawa, amma ba ta kuskure ko ɗaya ba. Na ɗauki izga na bi ta a hankali. Ta wuce gaɓar farko, har da wani ɗan lanƙwasa da ni na manta. Idona ya ciko da hawaye don murna. Muka iso bakin kwanar tare, na ɗage izga na riƙe numfashi, na bar mata fili.

Yaya ta ja numfashi, ta zuba kiɗan sabulu tiryan-tiryan, har da ɗan karkaɗawar nan ta ƙarshe.

"Ka ji shi nan," ta ce, muryarta cike da jin daɗi. "Allah ya jiƙan Baba. Duk sanda na ji shi a wayar jikokina sai in ce musu, kun ji kiɗan kakan iyayenku. Ba haka yake ba, Auta?"

Na dubi gilashi. Injiniya ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallansa. Jar fitila na nan a kunne.

"Haka yake, Yaya," na ce. "Na gode."

Na kashe wayar. Na ɗora goge a cinya.

"Kawu," Injiniya ya ce a hankali, "mu tashi, ko a sake?"

"A sake."

Gumi da zafin ɗakin sun sassauta fatar, muryar goge ta sauka, ba yadda za a yi in fara ban gwada tsirkiya ba. Na goga ƙaro, na gyara jaki, na ɗaga izga. Hannuna ya riga ya san inda za shi.