Turmin Lauratu Ya Hau Jirgi

Da Zakariya ya dawo daga Italiya don bikinsa, mutanen ƙauyensu na bayan Malumfashi sun ɗauka can Turawa yake tarawa yana yi musu wa'azi a majami'a mai hasumiya. Shi kuwa bai ƙaryata su ba, bai kuma gaskata su ba, murmushi kawai yake yi. Gaskiyar magana, majami'arsa tsohon shagon gyaran keke ce, mutanensa kuma 'yan ci-rani ne masu tsinkar tumatir, 'yan Nijar da Gana da namu na nan. Aikin bisharar da ya tafi yi, rabinsa tuƙi ne. Yau ya kai wannan asibiti ya yi masa tafinta, gobe ya raka wancan ofishin takardu su wuni a layi, ran Lahadi ya dafa shinkafa a ƙatuwar tukunya kafin ya hau mimbari, har wani lokaci yana wa'azi yana jiyo ƙauri. Ɗakinsa ɗaya ne, a saman bene. A ƙasa kuma akwai tsohuwa mai gidan, wadda ko cokali ya faɗi sai ta zunguri rufin ɗakinta da sandar tsintsiya.

Wannan ɗakin ne zai kai amaryarsa Lauratu. An riga an yi auren rajista tun bara saboda takardu, takardunta sun fito, amma suna da wa'adi. In ba ta shiga ƙasar kafin ya cika ba, sai an sake sabon nema, kuma Zakariya ya san yadda neman nan yake cin shekara.

Biki ya yi kyau, ba laifi. Lokacin kaka ne, rumbuna sun cika, kowa yana da abin kawowa. Zumuntar mata sun sha ɗaurin zani iri ɗaya, suna buga tulu suna rausaya tun daga bakin hanya har ƙofar majami'a. Maƙwabta Musulmi daga cikin gari suka zo da masa da kunun gyaɗa, suka zauna a inuwar mangwaro suna jiran a fito. Fasto ya ɗaura aure, aka yi guɗa, aka ci tuwo har yara suka fara wasa da shi.

Sai da aka zo maganar kayan amarya sannan rigima ta ɓullo.

Tani, uwar Lauratu, ta yarda a bar gado. Ta yarda a bar kujeru da kwalla da buhunan dawa na gara, a kai su gidan iyayen ango su zauna. Amma akwai turmi. Turmin ƙirya ne, baƙi sidik don tsufa, mahaifinta marigayi Maitama ya sassaƙa shi da hannunsa. Tsohon har ya bar duniya bai taɓa shiga majami'a ba, addinin kakanninsa ya riƙe, amma a kan turmin nan aka zaunar da Tani aka yi mata wankan amarci, a kansa kuma aka wanke Lauratu. Tani ta dafa shi a gaban mata ta ce, "Inda turmin nan ya kwana, nan Lauratu za ta kwana. In ya tafi ta tafi. In ya zauna, ga ɗakinta nan, ba a rushe shi ba."

Zakariya ya ji labari, ya kira Lauratu a waya, ko da yake katanga biyu ce kawai tsakaninsu.

"Ki yi mata magana mana. Jirgi fa za mu hau, ba amalanke ba."

"Ni amarya ce, Malam, ba ni da baki," in ji Lauratu, yana jin tana danne dariya. Can kuma muryarta ta sauka. "Gaskiya ba zan bar ta tana kuka ba. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Ka san yadda za ka yi."

To, a nan gizo yake saƙar. Suruki ba ya jayayya da surukarsa. Ba ya ma kallon idonta. In za su yi magana, sai ya durƙusa daga nesa, wani ya tsaya a tsakani yana kai wa yana kawowa. Wanda zai tsaya wa Zakariya kuwa shi ne Isyaku, babban abokin ango, manomi ne kuma ɗan acaɓa in rani ya yi, mutumin da in ka ba shi magana mudu ɗaya sai ya kai ta tiya.

Suka shiga gidan su Lauratu da hantsi. Zakariya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gindin rumbu, kai a ƙasa. Tani tana zaune tana tsinke zogale, ta juya masa gefe.

Ya ce wa Isyaku a hankali, "Gaya wa Mama, a can akwai ɗan injin niƙa a cikin ɗaki, ba a wahala."

Isyaku ya gyara murya. "Mama, ya ce a can ko ruwa mutum zai sha, sai inji ya fara tauna masa."

"Gaya masa inji ba ya raka 'ya gidan miji."

"Gaya mata a saman bene muke, akwai tsohuwa a ƙasa, ba ta son motsi."

"Mama, ya ce akwai wata tsohuwa can da ta fi ki faɗa."

Zakariya ya ɗago kai a firgice, ya tuna inda yake, ya mai da shi ƙasa. Tani ko gezau. Ta ce, "Gaya masa ina gaishe ta. Ba ta taɓa shan furar turmi ba ne."

Suka fito ba su samo komai ba. A bakin zaure Zakariya ya kama wuyan rigar Isyaku, shi kuwa yana ta dariya yana cewa, "Sake ni, Malam, mai aikin Allah ba ya shaƙe mutum. Ina da dabara."

Dabarar ita ce sikeli. Alhaji Jibo, mai sayen auduga daga Funtua, ya kafa rumfarsa a bakin ƙauyen kamar yadda yake yi duk kaka, kuma yana da sikeli mai ƙugiya. Isyaku ya ce a aro shi, a rataye a tsakar gida, a gaya wa Tani iyakar nauyin da jirgi ya yarje wa kowace jaka. Jaka biyu Lauratu take da su, ɗaya ta sutura, ɗaya ta daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. In turmi zai shiga, sai ɗaya ta fita. "Ka taɓa ganin uwar da ta tura 'yarta wata ƙasa ba daddawa? Da kanta za ta ce a bar turmin, kai ba ka buɗe baki ba."

Zakariya ya juya maganar a ransa, ya ga ba ƙarya a ciki, ba rashin kunya. Ya yarda.

Washegari Alhaji Jibo ya zo da kansa, don ya ce shi dai bai taɓa auna kayan jirgi ba, yana so ya gani. Aka rataye sikeli a reshen mangwaro. Matan zumunta suka taru, wasu da goyo, wasu da ƙullin gyaɗa, kamar za a yi wasa. Zakariya ya koma gindin rumbunsa ya durƙusa. Aka ɗaga jakar sutura, ta kai iyakar nauyin. Aka ɗaga ta kayan miya, ta kai har ta ɗan gota, aka cire ƙullin kanwa. Sannan samari biyu suka cusa turmi a buhu, suka rataya. Reshe ya sunkuya. Alhaji Jibo ya matso da fuska, ya duba, ya ce, "Tani, wannan shi kaɗai jaka guda ne, saura kaɗan."

Tani ta dubi turmi, ta dubi jakar daddawa, ta sake duban turmi. Zakariya ya saci kallonta ta ƙasan ido, sai tausayi ya kama shi. Har ya fara tunanin ko in Allah ya hore masa nan gaba ya aiko a kai turmin ta jirgin ruwa.

Sai ta ce, "Alhaji, ni jahila ce, ka fahimtar da ni. Jirgin nan amarya kaɗai yake wa awo? Ango fa, a aljihu yake zuba nasa?"

Kafin Zakariya ya yi ko tari, Isyaku ya cafe. "A'a, Mama, shi ma jaka biyu ne."

"To, madalla. A ɗauko su."

Aka ɗauko. Aka buɗe su a gaban matan zumunta. Kwat-kwat ne a ninke har da wadda ya ɗinka don biki, da takalma masu ƙyalli, da littattafai masu kauri, da rigar sanyi. Mata suna ɗagawa suna yabawa. Tani ta goge hannu a zani, ta juya wajen Isyaku.

"Tambaye shi, ran Lahadin da ta wuce, wa ya hau mimbari ya ce mai aikin Ubangiji ba ya tafiya da kaya masu nauyi? Wa ya ce kayan duniya sarƙa ne a ƙafar ɗan bishara? Ni ina layin gaba, har na ce amin da ƙarfi."

"Mu ma mun ce amin!" in ji matan.

Isyaku ya sunkuyo kan Zakariya, fuska a murtuke kamar gaske. "Malam, wai wa ya faɗa?"

Zakariya ya dubi ƙasa. Wa'azin nan kwana ya yi yana shirya shi, kuma ya ji daɗin yadda ya fita. Ya ce, murya can ciki, "Gaya wa Mama ni ne."

"Mama, ya ce shi ne, kuma ya ce a sauke masa sarƙar, ta dame shi."

Alhaji Jibo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Wata ta rangaɗa guɗa. Daga cikin ɗaki, inda amarya take lulluɓe, aka jiyo wani sauti kamar mutum ya toshe baki da filo.

Haka aka yi. Jakar farko ta Zakariya ta tashi, turmi ya maye gurbinta, an naɗe shi da bargo an ɗaure da igiyar auduga. Tani ba ta da mugunta, ta ce ya cusa abin da bakin turmin zai ɗauka, ya cusa safa da rigar sanyi da ɗan littafin addu'arsa. Jaka ta biyu kuwa, wani kafinta ya rage tsawon taɓarya ta shige, aka bi ta da muciya da rariya da faifai, aka cike sauran da gero, don Tani ta ce turmi ba hatsi ai kujera ne. Kwat-kwat suka rage a kan tabarma. Zakariya yana ɗaure igiya ya waiwaya, sai ga Isyaku ya zura hannu a ta bikin, yana juya kafaɗa.

"Kamar don ni aka ɗinka," in ji shi. "Zan riƙe maka su amana, kada asu ya ci."

Nan Zakariya ya tsaya da igiya a hannu, ya dube shi da kyau. "Isyaku. Wa ya fara kawo maganar sikelin nan, kai ko Mama?"

"Malam, ɗaure kayanka, mota tana jira."

Tani ta raka su har bakin hanya. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa kan 'yarta, ta shafa bargon turmin, ta ce wa iska, ba tare da ta dubi kowa ba, "A gaya masa na ba shi su biyun. Ya riƙe min su."

Sun isa lafiya, wa'adi bai cika ba. Ma'aikacin filin jirgi a can ya daɗe yana leƙa cikin turmin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗaga kafaɗa ya bar su suka wuce.

Safiyar Asabar ta farko Lauratu ta zuba gero ta ɗaga taɓarya. Bugu uku ta yi, sandar tsintsiya ta amsa daga ƙasa, sannan aka ji takun tsohuwa a kan matakala. Zakariya ya buɗe ƙofa yana haɗa kalmomin ban-haƙuri. Tsohuwar ta ture shi gefe, ta tsaya a kan turmin tana surfa faɗa da hannu biyu. Abin da ya iya tsinta a ciki shi ne, wane mahaukaci ne yake daka a saman bene alhali ga tsakar gida a ƙasa? Shi ya sauko da turmin a kafaɗa, tana biye tana nuna masa inda zai ajiye.

Tsakar gidan kuwa tana jingine da shagon da suke sujada. Ran Lahadi Lauratu tana daka, sai ga wasu samari masu tsinkar tumatir, waɗanda Zakariya ya yi shekara yana bi ba su taɓa leƙowa ba, sun tsaya a bakin ƙofa. Ɗayansu, ɗan Maraɗi, ya ce tun daga kan titi ya jiyo, ya ɗauka kunnensa ne yake masa gizo. Ya roƙa a ba shi taɓaryar ya ɗan taɓa. Ranar nan Zakariya ya yi wa'azi cikin kwat ta aro, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, kuma bai ce uffan a kan kaya masu nauyi ba.

Da yamma Tani ta kira a wayar Isyaku. Zakariya yana jin muryarta ya gyara zama ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa Lauratu. Tani ba ta tambayi ɗaki ba, ba ta tambayi sanyi ba. Ta ce a kai wayar bakin turmi, a buga ta ji.