Goshin Sunmaya

"Ba zan dawo ba, Yaya," in ji Sunmaya a waya. "Sai na tsallakar da baƙina mashigin tsauni."

"To, sannu, mai takardar jagora!" Yayanta Tek Bahadur ya ja tsaki. "Kaka ta ce ba wanda za ta shafa wa jar shinkafar albarka a goshi sai ta fara da ke. Jikinta fa ya tsananta."

"Ka ce mata sai baɗi."

Damina ta ɗauke, sama ta washe a kan tsaunin Annapurna, kuma 'yan makonnin nan ne lokacin hawa kafin ƙanƙara ta toshe mashigi. Bikin Dashain kuwa, wanda a cikinsa ne manya suke shafa wa yara jar shinkafar, a tsakiyar makonnin yake faɗowa. Jagorori maza sun sha cewa mace gida take gudu ranar biki. Sunmaya ta rantse ba za a faɗi haka a kanta ba.

Ta ja baƙinta sama. Leɓɓanta suka tsattsage, yatsunta suka daina jin igiyar jaka, amma suka tsallaka lafiya.

Kafin ta sauko ƙauye an riga an ƙone gawar Kaka a bakin kogi. Yayanta, kansa a aske don makoki, ya nuna mata farantin da shinkafar ta bushe a kai. Ta tsaya tana kallo, hawaye ya ƙi zuwa.

Aikinta yana hannunta, ba mai sake yi mata gori. Hannun Kaka kuwa ba zai ƙara taɓa goshinta ba.