Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar Sin

Ba yawon buɗe ido ne ya kai Indo ƙasar Sin ba. Ɗanta na fari, Salim, yana can Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwar Kano dillancin kaya. Tun da mahaifinsa ya rasu gonarsu ta bakin kanal a Bunkure take zaune ba mai taɓa ta, ga Baffa Hambali, ƙanin marigayin, ya kafe sai an sayar. Magana ɗaya Indo ta ƙunso: yaron ya dawo ya kama gonar ubansa kafin a saki ruwan rani.

To amma fa ɗan fari ne. Indo irin matan da ce, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta zaunar da shi ta roƙe shi wani abu. A gida da sai ta tura ƙanwarta Aziza ta faɗa masa. A nan wa za ta tura?

Shi kuwa bawan Allah ya dage sai ya nuna mata duniya. Ya hau da ita wata hasumiya, ta leƙa ta ga motoci kamar kiyashi, jiri ya kwashe ta. Ya kai ta gidan abincin Musulmi, ana murza taliya da hannu a gabanta, aka miƙo mata tsinke biyu wai ta ci da su. Ta ajiye su gefe, ta yi bismilla da hannunta.

"Inna, ya kika ji ta?"

"Ba laifi," ta ce, idonta a kan kwano.

Suka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Shanghai. Ta taga ta hango fadamun shinkafa shar, ruwa kwance a kowane kwami. Ta ce a ranta yau kam sai ta faɗa. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Su ma ashe suna dashe." Salim ya yi dariya, ya ci gaba da danna waya. Takaici ya ishe ta, ta ji haushin kanta.

A Beijing ma haka aka yi. Ya saya mata gasasshiyar agwagwa, aka yanka ta sala-sala, ga taushi ga maiƙo, amma ita kamar tana tauna auduga. Ya ja ta har kan Babbar Ganuwa, gwiwa na ciwo, tana haki, yana ta ɗaukar ta hoto. Kullum ta ce gobe, goben ta zo ta wuce.

Ranar tafiya ya raka ta filin jirgi, ya durƙusa ya gyara mata igiyar jaka.

"Inna, jiya Baffa ya kira ni a kan gonar nan. Na yi ta sauraro ko za ki ce wani abu, na ga har yau ba ki tayar da zancen ba. Sai na gane kin haƙura da ita. Na ce masa ya sayar kawai, ni ma zamana a nan ya fi."

Ko yanzu da Indo ta ce a'a, da ya ɗaga waya ya hana Baffa. Ta dubi takalminsa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"To," ta ce. "Allah ya sa haka ne alheri."